Yadda Ake Tantance Kurakuran Soja a Finafinan Zombi

Kusan duk fim ɗin da aka gina a kan ɓarkewar annobar zombi, wato cutar da ke mayar da mutane gawarwaki masu tafiya suna cizon rayayyu, yana da wata buƙata da ba ya iya kauce mata: dole ne sojoji su gaza. Idan runduna ta yi aikinta yadda ya kamata, annobar za ta mutu tun a makon farko, kuma babu labarin da zai rage na wasu tsirarun mutane da ke neman mafaka a cikin garin da ya zama kufai. Saboda haka marubucin fim yakan nemi hanyar da zai kawar da sojoji daga gabansa, wani lokaci da dalili mai gamsarwa, wani lokaci kuma ta hanyar sa su aikata abin da ko kurtun da ya gama horon farko ba zai aikata ba. Aikin mai kallo mai lura shi ne ya iya raba waɗannan biyun, ya san kuskuren da runduna ta gaske za ta iya faɗawa a ciki, ya kuma san wanda aka ɗora mata don kawai labari ya samu hanyar wucewa. Ra'ayina, wanda zan yi ta komawa gare shi, shi ne cewa manyan kurakuran ba a fagen harbi suke faruwa ba, a bakin ƙofa da ɗakin killacewa suke faruwa, domin fim ɗin yakan sa sojoji su ɗauki annoba tamkar abokan gaba masu makami.

Fara da sanin dokokin cutar

Kafin ka yanke wa kowane kwamanda hukunci, ka tattara abin da fim ɗin kansa ya nuna game da cutar, domin ba duk zombi ne iri ɗaya ba. Ka lura ko suna jan ƙafa ne a hankali ko suna gudu, ko cizo kaɗai ke yaɗa cutar ko har ɗigon jini da yawu, ko duk wanda ya mutu yana tashi ne ko sai wanda aka ciza, sannan ko harbi a jiki yana kashe su ko sai an lalata ƙwaƙwalwa. Fim ɗin George Romero na 1968, Night of the Living Dead, shi ya kafa siffar da aka fi sani, ta gawa mai tafiya a hankali wadda ba ta faɗuwa sai an same ta a kai, kuma a cikinsa 'yan sanda da mutanen gari masu bindigogin farauta ne suka riƙa share karkara ba tare da wata wahala mai yawa ba. A 28 Days Later na 2002 kuwa, waɗanda suka kamu rayayyun mutane ne da cuta ta haukata, suna gudu da ƙarfi, harsashi a ƙirji yana kashe su, yunwa ma tana kashe su bayan wasu makonni. Dabarar da ta dace da nau'i na farko za ta iya zama halaka a gaban na biyu.

Mafi muhimmanci a cikin waɗannan dokoki shi ne tsawon lokacin da ke tsakanin kamuwa da bayyanar cuta. Masu kallo da yawa suna ɗauka cewa cutar da ke juya mutum cikin 'yan daƙiƙu ita ce mafi wuyar tarewa, amma ilimin yaɗuwar cututtuka yana nuna akasin haka idan ana maganar nisa. Wanda zai haukace cikin ƙasa da minti guda ba zai iya sayen tikiti ya hau jirgi ya sauka a wata nahiya yana kama da mai lafiya ba, don haka irin wannan cuta takan cinye unguwa da sauri amma kogi ko teku ko hamada na iya tsayar da ita. Cutar da ke ɓuya a jiki na kwanaki ita ce ke ratsa shingen bincike. Ebola takan ɗauki kwana 2 zuwa 21 kafin ta bayyana, cutar haukan kare kuma takan kai wata ɗaya zuwa uku, kuma wannan ɓuyan ne ke sa killacewa ta yi tsada da wahala. Idan fim ya nuna cuta mai saurin juyawa amma ya ce ta game duniya cikin kwanaki kaɗan ba tare da bayani ba, to matsalar daga rubutun take, bai kamata a ɗora wa sojoji laifinta ba.

Auna kwamanda da abin da ya sani a lokacin

Mai kallo yana zaune ne da sanin da babu wanda ke cikin labarin yake da shi. Ya ga sunan fim ɗin, ya san cewa mutumin da ke tangaɗi a kan titi ba maye ke damunsa ba. Sojan da ke tsaye a shinge a ranar farko kuwa, abin da yake gani shi ne farar hula marar makami, mai rauni a jiki, wataƙila mace ko yaro, kuma duk horonsa da dokar da yake aiki a ƙarƙashinta sun hana shi buɗe wuta a kan irin wannan mutum. Jinkirin da zai yi ba wauta ba ne, kuma fim ɗin da ya nuna shi da gaskiya ya cancanci yabo. A Amurka, inda aka fi shirya waɗannan finafinai, akwai ma dokar Posse Comitatus ta 1878 wadda ta taƙaita amfani da sojojin tarayya wajen aikin 'yan sanda a cikin gida, shi ya sa dakarun tsaron jihohi da ke ƙarƙashin gwamnoni ne ake fara kira, kuma kafin umarni ya bi matakansa ya iso, awoyi masu tsada sun wuce.

Hukuncin yana canzawa ne bayan an samu bayani. Ka riƙe wannan tambaya a duk fitowar da sojoji suka bayyana: tun yaushe suka san yadda cutar ke yaɗuwa, kuma me suka sauya bayan sun sani? Rundunar da ta yi asarar rukuni guda saboda rashin sani ba ta yi abin mamaki ba. Wadda ta shafe makonni tana fafatawa amma har yanzu ba ta aika wa sauran rukunai saƙon cewa a yi harbi a kai kuma a ware duk wanda aka ciza ba, ita ce aka rubuta da sakaci, domin rubuta rahoto bayan kowace arangama da rarraba darasin da aka koya na daga cikin abubuwan da rundunonin zamani suka fi ƙwarewa a kai.

Ka fi zuba ido a kan ƙofa da ɗakin killacewa

Nan ne ya kamata ka rage gudun kallo, ka mayar da fitowa baya idan da hali. Duk sansanin da ya ruguje a irin waɗannan finafinai, idan ka bi diddigi, za ka tarar cewa sau da yawa daga ciki cutar ta tashi, ba ganuwa aka fasa ba. Ka duba yadda ake karɓar sababbin zuwa. Shin ana tuɓe su a duba jikinsu gaba ɗaya, ko tambayarsu kawai ake yi ko an cije su? Mutumin da ya san cewa amsa gaskiya na nufin a raba shi da iyalinsa ko a harbe shi zai ɓoye rauninsa, kuma tsarin da ya dogara da gaskiyar mai jin tsoro ba tsari ba ne. Sannan ka duba inda ake ajiye su bayan bincike. Killacewa ta gaskiya tana raba mutane ƙanana-ƙananan rukunai, kowane da ƙofarsa da mai gadinsa, har tsawon lokacin da cutar ke iya ɓuya ya wuce. Tara ɗaruruwan mutane a zaure guda yana nufin mutum ɗaya mai ɗauke da cutar ya isa ya gama da su duka.

Fim ɗin 28 Weeks Later na 2007 ya tattara kusan duk waɗannan kurakurai a wuri ɗaya, shi ya sa ya dace a yi nazarinsa daki-daki. Dakarun ƙawancen NATO ƙarƙashin jagorancin Amurka sun keɓe wani yanki a Landan suna mayar da mutane gida. Aka samu wata mata da ke ɗauke da ƙwayar cutar amma ba ta nuna alama, wadda ita ce mutum mafi haɗari kuma mafi daraja a duk ƙasar, sai aka ɗaure ta a kan gado a wani ɗaki aka bar ta babu soja ko ɗaya a bakin ƙofa. Mijinta, farar hula mai kula da gine-gine, ya shiga wurinta da katin buɗe ƙofofi na aikinsa, ya kamu. Da aka yi shelar gaggawa, sai aka kora fararen hula cikin wani ɗaki guda aka kulle su, aka kashe fitilu, aka kuma bar wata ƙofa ta baya babu tsaro. Ka ƙirga matakan: babu gadi a kan mai cutar, katin ma'aikacin gini yana buɗe ɗakin da likitoci kaɗai ya kamata su shiga, an cunkushe jama'a maimakon a ce kowa ya kulle kansa a ɗakinsa, an kuma hana masu harbi daga saman bene hasken da za su bambance mai lafiya da mai cuta. Gyara ɗaya kawai daga cikin huɗun ya isa ya hana bala'in. Idan ka ga sai da kurakurai masu yawa haka suka jeru kafin labari ya tafi, ka san hannun marubuci ne ke tura su.

Sai dai kada wannan ya sa ka ɗauka cewa hukumomin soja na gaske ba sa yin irin wannan ganganci. A watan Nuwamba na 1918, lokacin annobar murar da ta game duniya, jirgin ruwa mai suna Talune ya iso Apiya, babban birnin tsibiran Samowa ta Yamma da ke tekun Pasifik, daga birnin Okland na New Zealand ɗauke da fasinjoji marasa lafiya. Hukumar sojan New Zealand da ke mulkin tsibiran ƙarƙashin Kanar Robert Logan ta bari aka sauka ba tare da killacewa ba, kuma cikin 'yan makonni kimanin mutum 8,500 suka mutu, wato kusan kashi ɗaya cikin biyar na al'ummar. A maƙwabciyarta Samowa ta Amurka, gwamna John Martin Poyer, hafsan sojan ruwa, ya rufe tashar jiragen ruwa ya sa aka yi sintiri a gaɓar teku, kuma ba a samu mutuwar ko mutum ɗaya daga murar ba. Cuta ɗaya ce, mutane iri ɗaya ne, lokaci ɗaya ne, kuma babu harsashin da ya taka rawa a bambancin. Wannan tarihi shi ne ma'aunin da nake ganin ya fi dacewa a riƙa auna finafinan da shi.

Akwai kuma kuskuren da ke ɗaya gefen, na killacewa da ƙarfin bindiga ba tare da tanadi ba. A watan Agusta na 2014, gwamnatin Laberiya ta sa sojoji da 'yan sanda suka zagaye unguwar West Point a Monrobiya saboda Ebola, unguwa mai cunkoson dubun-dubatar mutane. Abinci ya yi tsada, jama'a suka yi bore, aka buɗe wuta, wani yaro matashi ya mutu sakamakon harbi, wasu kuma suka riƙa sulalewa ta hanyoyin da ba a tsare ba. Bayan kwana 10 aka janye shingen. Don haka idan fim ya nuna sojoji sun rufe gari, ka tambaya ko sun tanadi abinci da ruwa da magani ga waɗanda ke ciki, ko sun faɗa musu ranar da za a buɗe da sharaɗin fita. Shingen da ba shi da waɗannan yakan mayar da kowane mai lafiya mai neman hanyar gudu, kuma cikin masu gudun ne mai cutar zai fice.

Kada ka manta da sojojin kansu. Barikin soja wuri ne da ake kwana da cin abinci a cunkushe, kuma cuta tana son irin wannan wuri. A 2020 fiye da ma'aikata 1,000 na jirgin yaƙin Amurka mai ɗaukar jirage, Theodore Roosevelt, suka kamu da korona har sai da jirgin ya tsaya a tsibirin Guam. Sojojin Amurka da suka dawo daga aikin Ebola a Afirka ta Yamma a 2014 kuwa sai da aka ware su na kwana 21. Idan ka ga rukunin da ya dawo daga sintiri jina-jina ya wuce kai tsaye cikin ɗakin kwana babu wanda ya duba shi, ko ka ga an ɗora wanda aka ciza a jirgi mai saukar ungulu tare da matuƙi babu ɗauri, ka rubuta wannan a sahun manyan kurakurai. A fim ɗin Train to Busan na 2016, fasinjojin jirgin ƙasa sun sauka a tashar birnin Daejeon da tsammanin sojoji za su kare su, sai suka tarar duk rundunar ta riga ta kamu, kuma babu wanda ya sanar da jirgin.

Duba wurin da suka zaɓa su tsaya

Zombi ba ya harbi, ba ya tuƙa mota, ba ya shirya kwanton ɓauna, kuma a mafi yawan finafinai ba ya iya hawa tsani ko buɗe ƙofa. Abin da yake da shi shi ne yawa da rashin tsoro. Wannan na nufin cewa injiniyoyin soja sun fi masu harbi amfani a irin wannan yaƙi: rami mai zurfi, kwantenonin kaya da aka jera, gadar da aka karya, matakalar bene da aka rushe, hanya mai ƙunci da za ta tilasta wa dubbai su zo ɗaya bayan ɗaya. Amma abin da finafinai suka fi nunawa shi ne sojoji a tsaye a tsakiyar titi a bayan buhunan yashi masu kai wa ƙugu, waɗanda aka ƙirƙira don tare harsashi da ɓaraguzan bam, ba don hana mutum tsallakowa ba. Waya mai ƙaya ma aikinta ya dogara ne da zafin da mutum ke ji, don haka a gaban wanda ba ya jin zafi sai dai ta rage masa sauri kafin gawarwaki su taru a kanta su zama gada.

Tarihi ya nuna tasirin katanga ko da ta wucin gadi ce. A ranar 22 ga Janairu 1879, a Isandlwana da ke Afirka ta Kudu ta yau, dakarun Birtaniya sun yada zango a fili ba su haƙa rami ba, ba su kuma zagaye kansu da kekunan kaya ba, sai mayaƙan Zulu kimanin 20,000 suka mamaye su suka kashe fiye da 1,300. A daren ranar, a Rorke's Drift da ke kusa, inda Zulu suka sake kai hari, dakarun Birtaniya kusan 150 suka gina katanga da buhunan masara da akwatunan biskit suka riƙe wurin har gari ya waye. Mayaƙan Zulu horarrun dakaru ne masu dabara da ke kare ƙasarsu, ba a kwatanta su da gawa marar tunani, amma hakan ma ƙara wa darasin ƙarfi yake yi, domin idan katangar buhu ta yi aiki a gaban masu dabara, to a gaban marasa ita sai abin da ya fi.

Ganuwa kuma ba ta tsare kanta. A fim ɗin World War Z na 2013, an kewaye Birnin Ƙudus da doguwar katanga, amma da jama'a suka fara waƙa da lasifika a kusa da ita, zombi suka taru a waje suna hawa kan juna har suka tsallako, kuma ba a ga masu gadi a saman katangar da za su hango tarin tun yana ƙarami ba. Duk lokacin da ka ga shinge, ka nemi abu uku da idonka: wanda ke kallon wajensa, shinge na biyu da za a koma idan na farko ya faɗi, da hanyar ja da baya wadda ba a toshe ta da motoci ba.

Makami, harsashi da man fetur

A nan ne masu kallo suka fi yawan muhawara, kuma a nan ne ake yawan zaluntar sojojin fim. An horar da soja ya harbi tsakiyar jiki domin shi ne wuri mafi faɗi, kuma samun kan mutum mai motsi daga nesa, cikin firgici da gajiya, abu ne mai wuya ko ga gwani. Igwa da gurneti da bama-baman jirgi suna kisa ne ta hanyar ɓaraguzai da ke yaga jiki su jawo zubar jini, da kuma bugun iska da ke fasa huhu, sannan suna karya zuciyar wanda ya tsira. Gawa ba ta zubar da jini har ta mutu, ba ta numfashi, ba ta kuma razana. Littafin World War Z na Max Brooks, wanda ya fito a 2006, ya gina labarin yaƙi da zombi a garin Yonkers, kusa da birnin New York, a kan wannan hujja, inda aka fito da manyan makaman da aka tanada don yaƙar tankoki domin a burge 'yan jarida, harsasai suka ƙare, layi ya watse. Hujjar tana da ƙarfi, amma kada ka karɓe ta gaba ɗaya. Harsashin babbar bindiga mai jigida mai kaurin milimita 12.7 yana karya ƙashi ya raba gaɓa da jiki, kuma gawar da ba ta da ƙafa ba ta iya kai farmaki da sauri, ko da ba ta mutu ba.

Abin da ya fi dacewa ka lura da shi shi ne yadda ake kashe harsashi. Sojan ƙasa na Amurka yakan ɗauki harsashi 210, wato gidan harsashi bakwai masu cin 30 kowanne. Idan ya saki wuta ba ƙaƙƙautawa kamar yadda ake nunawa, gida guda zai ƙare cikin 'yan daƙiƙu, bakin bindiga yana ɗagawa sama, mafi yawan harsasan kuma iska za su sama. A gaban zombi masu tafiya a hankali, harbi ɗaya-ɗaya daga wuri mai tsayi, tare da masu cika gidajen harsashi a baya da masu karɓar aiki idan wasu sun gaji, shi ne abin da kowane saje zai tsara. Idan fim ya nuna akasin haka bayan an riga an san halin abokan gaba, kuskure ne na gaske.

Tankar yaƙi kuma tana da nata bayanin. Abrams ta Amurka ta fi tan 60, babu haƙori ko farcen da zai yi mata komai, kuma taka taron gawarwaki ba zai gagare ta ba. Rauninta yana ga mai, domin tana ɗaukar kusan lita 1,900 amma injinta yana shanye shi cikin awoyi, har ma a tsaye. Don haka tankar da aka yasar a tsakiyar gari ba alamar cewa zombi sun fi ƙarfinta ba ce, alama ce cewa motar mai ba ta iso ba. Wannan shi ne dalili mafi gaskiya da zai iya durƙusar da runduna: direbobin da ba su zo ba, hanyoyin da masu gudun hijira suka cushe, ma'aikatan ma'ajiya da suka kamu, da sojojin da suka bar bakin aiki domin su je su ceci 'ya'yansu. Fim ɗin da ya nuna rugujewa ta wannan hanya ya fahimci yadda soja ke aiki, kuma bai kamata ka lissafa ta a matsayin wauta ba.

Ƙara da sutura abubuwa ne da za ka iya dubawa cikin sauri. Ƙarar bindigar yaƙi ta wuce desibel 150 kuma ana jin ta daga nesa mai yawa, jirgi mai saukar ungulu da janareta ma haka. Idan an tabbatar cewa ƙara tana jawo su, to kafa sansanin fararen hula kusa da filin saukar jirage ganganci ne, rashin amfani da ƙarar wajen janye su zuwa wani kwari ko filin da aka shirya musu kuma asarar dama ce. Rigar sulken soja an yi ta ne don kare ƙirji da baya daga harsashi, ta bar hannu da wuya da fuska a buɗe, waɗanda su ne wuraren cizo. Kayan 'yan sandan kwantar da tarzoma, masu garkuwa da kwalkwali mai murfin fuska da makarin hannu da ƙwauri, sun fi dacewa nesa ba kusa ba, kuma suna nan a ajiye a kowane babban birni.

Matakin ƙarshe na ƙona gari

Da yawa daga finafinan suna ƙarewa da umarnin a yi wa gari ruwan wuta ko a jefa masa makamin nukiliya. Kafin ka amince cewa babu wata mafita, ka tambaya ko an san abin da wuta ke yi wa ƙwayar cutar, ko an rufe hanyoyin ƙarƙashin ƙasa da magudanan ruwa, ko kuma an bar wa masu lafiya ƙofar fita mai bincike. A The Return of the Living Dead na 1985, hayaƙin gawar da aka ƙona ne ya haɗu da ruwan sama ya tayar da matattun maƙabarta, sannan sojoji suka harba makamin nukiliya a kan birnin Louisville, abin da ya sake jefa gubar cikin gajimare. A 28 Weeks Later ma an ƙona yankin, amma masu cutar da yawa sun tsira, wani matuƙin soja kuma ya ɗauki yaro mai ɗauke da ƙwayar ya tsallaka da shi Faransa. Umarnin a harbe kowa ba tare da bambancewa ba yana da wani lahani da ba a cika faɗa ba, wato yana raba kan rundunar, domin za a samu sojojin da lamirinsu ba zai bari su bi shi ba, kuma daga lokacin babu sauran tsari.

Bayan ka gama kallo, ka ɗauki kurakuran da ka tara ka gwada kowanne da tambaya guda: da an gyara wannan kaɗai, labarin zai ci gaba? Idan amsar ita ce zai ci gaba, domin mai zai ƙare ko cutar ta riga ta ɓuya a jikin wasu, to kuskuren na cikin halin ɗan Adam ne kuma fim ɗin ya tsayu da ƙafarsa. Idan kuwa soja ɗaya a bakin ƙofa ɗaya ya isa ya kawo ƙarshen komai, ka san inda rubutun ya yi rauni. Wanda ke son ya zurfafa zai iya neman takardar CONPLAN 8888, shirin yaƙi da zombi da wasu hafsoshi a rundunar tsare-tsaren yaƙi ta Amurka suka rubuta a 2011 domin koyar da ƙananan hafsoshi yadda ake tsara shiri ba tare da ambaton wata ƙasa ta gaske ba. Ka karanta yadda ta ba da muhimmanci ga kare ruwan sha da wutar lantarki da asibitoci da hanyoyin sufuri, sannan ka sake kallon fim ɗin ka ƙirga sau nawa kwamandansa ya ambaci ɗaya daga cikinsu.